Kafin yatsanka ya danna "tura"

'Yan uwana matasan Bauchi, akwai wata ɗabi'a da ta kama mu har mun daina ganin laifinta. Saƙo zai faɗo wayarka, wai ana raba data kyauta, ko an buɗe rajistar wani tallafi, sai ka tura wa mutum goma kafin naka ya fito. Ko gama karantawa ba ka yi ba, ka watsa wa abokan karatu da 'yan majalisarku ta Wunti, har da gwaggonka da ke Azare. In an yi magana ka ce ai kai ma turo maka aka yi.

Malam, wanda ya ƙirƙiri saƙon nan bai san gwaggonka ba, ba shi da lambarta. Kai ka kai shi har ɗakinta. Kamfanoni sun daɗe da kafa rariyarsu: Gmail na duba inda wasiƙa ta fito, da kalmomin cikinta, da yawan waɗanda suka yi ƙorafi a kanta, ya ware ta gefe tun ba ka gani ba. WhatsApp kuwa tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 ya mayar da wanda ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak. Amma wace rariya ce za ta tare abin da ya fito daga hannun ɗan ɗan'uwa? Gwaggo sunanka ta gani ta buɗe. Sunanka ta gani ta rubuta BVN ɗinta, ta karanto musu lambar da banki ya aiko mata. Gobe in 'yan kuɗin adashenta sun yi ɓatan dabo, da wane ido za ka dube ta?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu sa sunan Allah a ciki: "don girman Allah kada ya tsaya a kanka." Annabi (SAW) ya faɗa mana cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ka bari ya tsaya a kanka ɗin.

In ka ga alamar kibiya biyu a saman saƙo, ya bi hannaye da yawa ke nan, ka ninka zargi. Lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa mukullin asusunka ne, duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa, ko da muryar malami ya yi, ɓarawo ne. Tallace-tallacen da layinka ke damun ka da su kuwa, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba da mafita tun 2016: rubuta STOP ka aika 2442, kyauta ne.

Wanda ka riga ka tura jiya fa? Koma ka goge shi, ka bi waɗanda ka aika wa ka ce musu na bogi ne. Gwaggo kam kira za ka yi, ba lallai ta karanta rubutu ba, kuma ka tambaye ta ko ta cike wani abu.