Kunnuwan jak da gwangwanin kifi

Duk ɗan jita a unguwar Nima ta Accra yana son fedal, irin akwatin nan da ake takawa sautin jita ya canja, amma kuɗinsa ba na mai cin koko da ƙosai ba ne. Shi ya sa na yanke shawarar haɗa nawa. Na zaɓi Fuzz Face, wanda aka fara fitarwa a Landan a 1966, saboda tiransista biyu kacal ke cikinsa. Na hau tiro-tiro zuwa Zongo Lane, kasuwar kayan lantarki, na sayo kaya, gida kuwa na yi masa da gwangwanin kifin da muka cinye da burodi.

Tiransistocin ba su ba ni wahala ba. Abin da ya sa ni zufa shi ne jak, ramin nan mai faɗin milimita 6.35 da ake cusa fulogin jita. Fulogin gaɓa biyu gare shi: tsini, mai ɗaukar sauti, da jiki, wanda shi ne ƙasa, wato hanyar da wuta ke komawa. Jak ɗin shiga kuma kunnuwan liƙa waya uku gare shi: na tsini, na jiki, har da na zobe. Duk mai hankali zai ce kunnen da ke kusa da maƙalin tsini shi ne na tsini. Ni ma mai hankali ne, sai na liƙa waya a nan da dalma. Wanda ya ƙera jak dai Allah ya isa tsakanina da shi, domin kunnuwan zagaye suke ta ƙarƙashi, kowanne yana zaune a ƙofar gidan wani.

Na jona amfilifaya na taka. Wani gurnani ya cika gidan, irin na wutar nan tamu mai bugun 50 a daƙiƙa. Da na taɓa tsirkiyar jita sai ya ninka, wato ni kaina na zama eriya. Kaji suka watse. Hajiya mai gida ta fito da ludayi a hannu.

"Kai ɗan nan, injin niƙa ka kawo mini gida? To daga yau kuɗin wutarka daban!"

Na ce, "Hajiya, kiɗa ne."

Ta ce, "Kiɗan tashin kiyama?"

Ga kuma batir mai bolt 9 da ke saurin mutuwa. Har na je na yi wa yaron da ke sayar mini da shi wa'azi a kan haramcin algus, mutane suna gyaɗa kai.

Daga ƙarshe na kai wa wani tsoho mai gyaran rediyo a Maamobi. Ya juya gwangwanin, ya shinshina, ya tambaye ni ko kifin da daɗi. Sannan ya cusa fulogi, ya ɗora tsinken mitar gwada wuta a tsini, yana taɓa kunnuwan ɗaya bayan ɗaya har mita ta yi ƙara.

"Yaro, ido ba ya gane kunnen jak, mita ake tambaya. Ka ba ƙasa sauti, ka ba sauti ƙasa."

Ya nuna mini amfanin zoben ma. Baƙar wayar batir a can ake ɗaure ta. In ka cusa fulogi, jikinsa ya haɗa zobe da ƙasa, fedal ya kunnu. In ka zare, ya mutu. Tawa tana manne da ƙasa kai tsaye, dare da rana tana shan batir. Yaron batir dai har yau ta bayan layi nake bi.

Baba ya sake liƙa wayoyin, ya ce in gwada. Na kaɗa tsirkiya, sai ga sautin da nake mafarki: kakkaura, mai ƙarzo, yana tsagewa. Na yi tsalle ina murna. Baba kuwa ya ɓata fuska, ya miƙo hannu.

"Kawo, bai gyaru ba. Ba ka ji yana yagewa?"

"Baba, ai yagewar ake so. Don ita aka yi shi."

Ya cire tabarau ya dube ni tsaf. Na ciro sidi zan biya, ya ture hannuna, ya ce shi tunda ya fara sana'a bai taɓa karɓar kuɗin aikin da ya gagare shi ba, kuma in na fita kada in gaya wa kowa daga shagonsa na fito.