Ɗakin tsofaffin takardu na Fustat

Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san ba a yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah a bola. Yahudawan tsohuwar Alƙahira ma haka suke. A wurin ibadarsu na Ben Ezra da ke Fustat, wato tsohuwar Alƙahirar, akwai wani ɗaki da suke kira Geniza, inda suka yi ta zuba takardun da suka tsufa har kusan shekara dubu.

A ƙarshen 1896 Solomon Schechter, malami a Jami'ar Kambirij, ya isa wurin, ya kwaso gutsattsarin takardu kimanin 193,000 zuwa Ingila. Har yau ana kan karanta su.

Akwai guntayen Mishna, littafin dokokin addinin Yahudawa, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, da na Talmud, wato sharhin malamansu a kan Mishna, da fatawowin malaman makarantun Sura da Fumbedita na ƙasar Iraƙi. Amma ni abin da ya fi kama ni shi ne tarkacen: takardar ɗaurin aure, wasiƙar ɗan kasuwa da ke fatauci zuwa Indiya, takardar yaro yana koyon baƙaƙe, hannunsa na karkacewa. Har da rubutun hannun Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya rasu a 1204, yana soke kalma yana gyarawa.

Wasiƙun nan da yawa Larabci ne aka rubuta da baƙaƙen Ibrananci. Ajami ke nan fa! Wani malaminsu, Sa'adiya al-Fayyumi, ma da Larabci ya fassara Attaura tun ƙarni na 10.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan aka ce karatun littattafan Yahudawa ɓata lokaci ne, ko kuma hanyar ɓata. Karanta littafin mutane daban, bin addininsu daban. Kullum a wajen tafsiri muna jin an ce "wannan Isra'iliyya ce", ana ambaton Ka'abul Ahbar da Wahabu ɗan Munabbihi, amma mutum nawa a cikinmu ya taɓa bin labarin har inda ya fito?

Ɗalibinmu da ya sha nahawu, ya saba da sharhi da hashiya a gefen shafi, baƙaƙe 22 ne kacal suka raba shi da fara karanta wasiƙun nan. Talmud kam sai ya zauna ya koyi Ibrananci da Aramiyanci, kuma wannan ba aikin wata guda ba ne.