Har Yaushe Za Mu Ci Gaba da Cewa "Lokaci Bai Yi Ba"?

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Akwai wani ɗan littafi a Tsohon Alkawari da yawancinmu kan tsallake, wato littafin annabi Haggai. Sura biyu ne kacal. Ina roƙonku ku buɗe shi yau, domin mutanen da ke cikinsa sun yi kama da mu ƙwarai.

Waɗannan mutane ba masu bautar gumaka ba ne. Su ne ma masu himmar cikin jama'arsu. Sa'ad da Sairus sarkin Farisa ya ba Yahudawa izinin barin Babila, wajen shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu, ba kowa ne ya yarda ya tashi ba. Littafin Ezra ya ƙidaya waɗanda suka koma, mutum 42,360 ban da bayinsu. Sun bar zaman da suka saba, suka nufi Urushalima da ta zama kufai, don su sāke gina Haikalin Ubangiji. Da isarsu suka gina bagade, suka aza harsashi, aka yi ta sowa, tsofaffin da suka ga Haikali na fari kuma suna kuka da ƙarfi, har ba a iya rarrabe muryar murna da ta kuka. Sai maƙwabta suka taso musu da adawa, aiki ya tsaya. Da ya tsaya kuwa, ya shafe kimanin shekara 16 a tsaye.

A cikin shekarun nan babu wanda ya miƙe ya ce ya fasa bin Allah. Abin da suke faɗa kawai shi ne, lokacin gina Haikalin Ubangiji bai yi ba tukuna. Magana ce mai kama da ta hankali. Akwai abokan gaba, amfanin gona ya yi ƙaranci, ga iyali. Amma a shekara ta biyu ta mulkin Dariyus sarkin Farisa, wato 520 kafin haihuwar Almasihu, Allah ya aiko Haggai da tambaya guda: to, ku fa, lokaci ya yi da za ku zauna a gidajenku da kuka ƙawata, alhali gidana yana kango? Ashe lokaci da katako da ƙarfin hannu duk suna nan, wani wuri kawai aka kai su. Ya ce musu su duba al'amuransu da kyau. Kun shuka da yawa, kun girbe kaɗan. Kuna ci ba ku ƙoshi, kuna sha ƙishi bai tafi ba, kuna sa tufa ba ku ji ɗumi ba, mai aikin ƙwadago kuma yana zuba ladansa a jaka mai huji.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kaɗan ne a cikinmu za su taɓa buɗe baki su ce ba sa son Allah. Abin da muke yi shi ne mu ɗaga masa rana. In na gama makaranta zan natsu da addu'a. In na sami aiki. In an ɗaura aure. In yaran nan sun ɗan tasa. In na yi ritaya, ai sai hidimar Ubangiji kawai. Kowace a cikin waɗannan tana da hujja, kuma kowace tana da magajiya da ke jiranta a ƙofa. Shaiɗan ba ya bukatar ka yi ridda in dai ya iya sa ka riƙa cewa "gobe".

Abin da ke faranta mini rai a labarin Haggai shi ne yadda mutanen suka amsa. An yi musu magana a rana ta 1 ga wata na shida, a rana ta 24 ga wannan watan Zarubabel mai mulki da Yoshuwa babban firist da sauran jama'a suka kama aiki. Abokan gabansu ba su ƙaura ba, rumbunansu ba su cika ba. Abin da ya sāke shi ne abin da suka sa a gaba. A shekara ta shida ta Dariyus aka gama ginin.

Ubangiji Yesu ya ba da misali irin wannan a Luka sura 14. Wani ya shirya babban biki, ya aiki bawansa ya kira waɗanda aka gayyata. Na farko ya ce ya sayi gona, dole ya je ya gan ta. Na biyu ya sayi shanun noma guda goma, zai je ya gwada su. Na uku ya yi sabon aure. Ku duba da kyau, a cikin ukun nan babu ɓarawo, babu mazinaci, babu mashayi. Gona halal ce, sana'a halal ce, aure Allah ne ya kafa shi. Duk da haka mai gidan ya ce babu ko ɗayansu da zai ɗanɗana abincinsa. A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani: gajiyayyu da guragu da makafi ne suka cika gidan. Mun iya gudun zunubin da kowa zai nuna da yatsa, amma abubuwa masu kyau da suka hau kujerar da ba tasu ba, su ne ke kayar da masu bi da yawa. A misalin mai shuka ma, irin da ya faɗa cikin ƙaya ya tsiro, bai mutu nan take ba. Damuwar duniya da yaudarar dukiya da kwaɗayin wasu abubuwa ne suka shaƙe shi sannu a hankali har ya kasa yin 'ya'ya.

Yanzu mu dawo kan ranarmu ta yau da kullum. Da ka farka, me hannunka ke fara lalube? Ga da yawa a cikinmu, waya ce. Kafin ka ce wa Mahaliccinka ina kwana, ka riga ka karanta saƙonnin mutum ashirin, ka ga labarin da ya ɓata maka rai, ka ga hoton wanda ya sayi abin da ba ka da shi. Zuciya ta cika maƙil kafin Maganar Allah ta sami wurin zama. Da dare kuma, bayan an zuba ƙarfi duka a kan aiki da hira da kallo, sai a durƙusa a bakin gado, barci ya sace mutum kafin ya kai ga "amin". Annabi Malakai ya tambayi firistocin zamaninsa da ke kawo makauniyar dabba da gurguwa a bagade, ya ce su kai wa mai mulkinsu irin wannan kyauta su gani ko zai karɓa. Wanne ne a cikinmu zai je ganawa da shugaban wurin aikinsa yana gyangyaɗi? (Na san a wayar kake karanta wannan saƙo. Ba laifin wayar nake gani ba, matsayin da ta hau ne ba nata ba.) Markus ya gaya mana cewa bayan yinin da Yesu ya yi yana warkar da marasa lafiya har dare, da asussuba tun da sauran duhu ya fita zuwa wurin da ba kowa, ya yi addu'a. Almajirai suka zo suka ce masa kowa na nemansa. Idan Ɗan Allah, wanda kowa ke nema, bai ɗauki yawan masu nemansa a matsayin uzuri ba, ban ga uzurin da ya rage mana ba.

Wani zai ce, ai ni ba ni cikin wannan, kullum ina majami'a. Ina cikin mawaƙa, ina cikin kwamiti, ina koyar da yara ran Lahadi. To, a nan ne ma nake so in fi daɗewa, domin wannan tarko ya fi wuyar ganewa. Marta ba yawon banza ta tafi ba. Yesu ne da kansa take yi wa hidima a gidanta, amma hidimar ta ɗauke mata hankali har ta zo tana yi masa ƙorafi cewa bai kula ba 'yar'uwarta ta bar mata aiki. Ya ce mata tana damuwa da abubuwa da yawa, alhali abu ɗaya ne ake bukata, Maryamu kuwa ta zaɓi rabo mai kyau. Ku lura da alamar: mai hidimar da ya daina zama a gaban Ubangiji yakan fara jin haushin 'yan'uwa, ya fara ƙirga wanda ya yi da wanda bai yi ba. Idan ka ga hidimarka ta koma gunaguni, ka binciki lokacin da ka yi addu'a ta ƙarshe wadda ba a gaban jama'a ba. Ikkilisiyar Afisa, a Wahayi sura 2, an yaba mata kan aiki da wahala da haƙuri, an yaba mata kan gwada manzannin ƙarya. In da a yau ne, da mun ce babu kamarta. Amma Ubangiji ya ce yana da magana a kanta, ta bar ƙaunarta ta fari, har ya yi mata gargaɗin zai kawar da fitilarta daga wurinta in ba ta tuba ba. Mutum na iya cika kalandar ikkilisiya da sunansa, Mai ikkilisiyar kuma ya zama baƙo a zuciyarsa.

Akwai kuma mai cewa, kai kana magana ne kawai, ni ina da bakunan da zan ciyar. Gaskiyarka. Littafi Mai Tsarki bai taɓa kiran lalaci bangaskiya ba. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar ba da gaskiya muni, ya kuma gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Yesu ya tsawata wa masu hana iyayensu taimako da sunan sun keɓe dukiyar ga Allah. Saboda haka sa Allah a gaba bai nufin ka bar shago ko ofis ka kwana a majami'a, 'ya'yanka suna jiran kuɗin makaranta. Daniyel yana ɗaya daga cikin manya uku da aka ɗora a kan hakimai 120 na mulki guda. Da wuya a sami mai yawan aiki kamarsa a cikinmu. Sau uku a rana yakan durƙusa, kuma da maƙiyansa suka bincike aikinsa ba su sami ha'inci ko sakaci ba. Addu'arsa ba ta ci aikinsa ba, ita ce ta tsare shi. Ranar da aka kafa dokar hana addu'a bai ƙirƙiro wata jarumta ba, Nassi ya ce ya yi kamar yadda ya saba.

Sai dai ina so in ja kunne a kan wata fassara da ta yi yawa. A Matiyu 6:33 Ubangiji ya ce mu fara neman Mulkin Allah da adalcinsa, za a kuwa ƙara mana dukan waɗannan abubuwa. Wasu sun mai da ayar nan ciniki: ka ba Allah awa ɗaya da asuba, ya ba ka mota. Ku koma ayoyin da ke gabanta ku ga "abubuwan" da ake nufi. Abinci ne, da abin sha, da sutura. Alkawarin Uba ne da ya san bukatar 'ya'yansa, an kuma yi shi ne don a raba mu da alhini. Wanda yake neman Mulkin don ya sami ƙarin, ƙarin ne a gabansa har yanzu, Allah kuwa ya zama hanya. Bulus, wanda ya ɗauki kome hasara saboda Almasihu, ya ce ya san ƙoshi ya san yunwa, ya san yalwa ya san rashi. Ba a yi masa ƙarya ba, domin Almasihun da ya nema ya samu.

To ta yaya mutum zai san abin da ke gaba a rayuwarsa? Ba a bakinsa ake ji ba. A ranar da abu biyu suka yi karo ake gani. Sa'ad da Ibrahim ya ba Lutu zaɓin wurin zama, Lutu ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun yana da ruwa ko'ina, ya zaɓa, ya kafa alfarwarsa kusa da Saduma. Lissafin kiwo ya yi daidai, amma bai sa ransa da na 'ya'yansa cikin lissafin ba. Haka muke karɓar aikin da muka san sai da ƙarya ake riƙe shi, mu ce Allah ya buɗe ƙofa. Haka ake shiga neman aure da wanda aka san zai janye mutum daga bangaskiya, sai an gama yanke shawara a zo neman addu'ar fasto. Haka ake kashe albashi a kan kome, in wani abu ya ragu a tuna da baiko da mabukata. Dimas abokin aikin Bulus ne, sunansa yana tare da na Luka a gaisuwar wasiƙar Kolosiyawa. A wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti sai muka ji ya yashe Bulus ya tafi Tasalonika saboda ƙaunar duniyar nan. Ba na zaton a dare ɗaya hakan ya faru.

Maganin da Ubangiji ya ba Afisawa a fili yake. Ka tuna inda ka faɗo, ka tuba, ka koma ga ayyukan da kake yi da fari. Bai ce su jira sai zuciyarsu ta yi zafi ba. Saboda haka kada ka ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfinka, irin na azumin kwana arba'in da karance Littafi Mai Tsarki a wata ɗaya, wanda zai rushe kafin mako ya zagayo. Ka tsai da lokaci guda na ganawa da Allah, ka tsare shi kamar yadda kake tsare lokacin shiga aiki. In kai maigida ne, ka tara iyalinka ku karanta ko da 'yan ayoyi ne, kada ka bar wa uwargida nauyin nan ita kaɗai. In akwai wanda yake da wata magana game da kai, Yesu ya ce ka bar baikonka a gaban bagade, ka fara zuwa ku shirya, sa'an nan ka dawo ka miƙa. In lambarsa tana cikin wayar da ke hannunka, ka kira shi kafin Lahadi.

Ubangiji ya ba mu alherin yin biyayya. Amin.