A bar kasuwa ta yi halinta, to amma wa zai duba mudu?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kowane ɗan boko ka zauna da shi maganar ɗaya ce, wai gwamnati ta cire hannunta a bar kasuwa ta yi halinta. Ra'ayin ba sabo bane, Turawa na ce masa laissez-faire, masanin tattalin arziki Adam Smith ma tun 1776 yake cewa neman ribar mahauci da mai burodi ne ke kawo mana abinci ba tausayinsu ba.

Ni ban ƙi wannan gaba ɗaya ba fa. Lokacin da kaya suka yi tsada a Madina an roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Amma kuma shi ne ya hana ɓoye abinci, ya hana tare fatake kafin su iso kasuwa, ya tura hannunsa cikin tarin hatsi ya ji danshi ya tsawatar wa mai shi. Wannan rabin ne namu shugabannin suke tsallakewa.

Ka shiga kasuwar Tudun Hatsi anan Gombe da kaka ka gani da idonka, manomi ya taso daga Dukku ko Kumo da buhu biyar na masara, bashin taki na wuyansa, kuɗin mota ya cinye wani abu tun a hanya, dillalai sun zagaye shi baki ɗaya farashi ɗaya, ba shi da sito ba shi da halin komawa da kaya gida, dole ya sayar, masu kuɗi su kulle a sito sai damina ta yi nisa su fito da ita. Wallahi wannan ba kasuwa mai 'yanci bace, kashin dankali ne.

Kuma ma cire hannun na zaɓe ne. Taki da fetur an bar su da dala, amma a 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama. Wato wurin saye manomi shi da kasuwa, wurin sayarwa kuma sai ga hannun gwamnati.

An taɓa mana irin wannan a 1986 lokacin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga. Suna da nasu zaluncin, gaskiya ne, amma da aka rushe su ba a bar wa manomi wani mai ba shi iri mai kyau da tabbacin mai saye ba. Tambayi dattawan Gombe yadda buhunan auduga ke cika gari da, ka tambaye su yanzu nawa ke shuka ta.