Ga mai tsorata yara da "bugun bana"

Akwai wani, ya san kansa, da duk sanda aka fitar da sabon bugu na littattafan wasan tebur irin su Dungeons & Dragons sai ya tasa sababbin 'yan wasa a gaba da magana guda: wai littattafanku sun mutu, ku tattara ku ajiye, karen bana shi ke maganin zomon bana. Ba za mu kama suna ba, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abin da ya dame mu shi ne yaran da suka tara kuɗi da ƙyar, suka yi odar littafi guda daga waje, suka biya kuɗin dako, yanzu an sa musu shakka a kan abin da ke hannunsu lafiya ƙalau.

Wannan wasa fa mutum huɗu ne ko biyar a zagaye da tebur, da jagora mai ba da labari, da takardar jarumi, da fensir, da dayis mai fuska 20, wato ɗan abin jifa mai lambobi da ke yanke ko yunƙurin jarumi ya yi nasara. Littafin takarda ba ya da ranar lalacewa kamar maganin kemis. Wanda aka buga a 1978 yana aiki yau kamar ranar da ya fito daga maɗaba'a. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974, an yi bugu na biyu a 1989, na uku a 2000, gyararrensa da ake kira 3.5 a 2003, na huɗu a 2008, na biyar a 2014, sannan gyararren na biyar da ya fara fitowa a Satumban 2024. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da masu buga shi har gobe, kuma ana sayar da tsofaffin a intanet da izinin kamfanin da ke da wasan, wato Wizards of the Coast. Kamfanin da ke sayar da tsohon bugu bai ce ya mutu ba, sai wani ɗan kanzagi.

Inda maganarsa take da ƙamshin gaskiya ba za mu ɓoye ba. Akwai bugun da lissafinsa ya yi hannun riga da na baya. A bugu na uku, makin da mayaƙi ke ƙarawa kan dayis idan ya kai hari yana hawa ɗaya a kowane mataki na girman jarumi har ya kai 20. A bugu na biyar makin ƙwarewa, wanda ya maye gurbinsa, daga 2 yake farawa ya tsaya a 6. Shi ya sa ƙaton dodon nan Tarrasque yake da lambar sulke, wato lambar da sai mai hari ya kai ta kafin sara ya shiga, 35 a 3.5 amma 25 a na biyar. Ka ɗauko shi da tsohuwar lambarsa ka ajiye gaban jaruman bugu na biyar, za su yini suna jifa da ƙyar su taɓa shi. Bugu na huɗu kuwa gini ne daban tun daga tushe, mataki 30 ne da shi, kuma an kasa dabarun kowane jarumi zuwa na kowane lokaci, na sau ɗaya a faɗa, da na sau ɗaya a yini. Wanda ya bar 3.5 ya koma na huɗu dole ya sayi littafin ƙa'ida sabo. Sai dai ai komawar ce ba dole ba. Da mutane da yawa suka ƙi tafiya, kamfanin Paizo ya fitar da wasan Pathfinder a 2009 a kan ƙa'idojin 3.5, ta hanyar buɗaɗɗen lasisin da aka bayar tun 2000, wanda ya ba wasu kamfanoni damar amfani da ƙa'idojin wasan, suka ci gaba da amfani da tarin littattafansu da ɗan gyara kaɗan. Mutumin namu ya san wannan tarihi sarai, shi ne dai ba ya kawo shi idan yana gaban yara.

Ko a inda lissafi ya canza, sau tari ragi ɗaya ne ke raba tsoho da sabo. A bugu na biyu lambar sulke ƙasa take yi idan kariya ta ƙaru: marar sulke 10, mai rigar sarƙa 5, mai farantin ƙarfe 3. Ka cire lambar daga 20, ka samu ta salon zamani: 10, 15, 17. Lambar harin da suke kira THAC0 ita ma haka. Mayaƙi a mataki na biyar yana da 16, ka cire daga 20, ya zama yana ƙara 4. A tsohon salo yana bukatar 11 a dayis kafin ya sari mai rigar sarƙa. A sabon salo 11 da 4 sun ba da 15, sara ya shiga. Sakamako ɗaya. A wani wasan, Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium, wanda ya fara fitowa a 1981, bugu na bakwai ya mayar da siffofin jarumi, irin su ƙarfi da kaifin hankali, zuwa ma'aunin ɗari, gyaran kuwa ka ninka tsohuwar lamba sau biyar ne, ƙarfi 12 ya zama 60. Labarin da aka rubuta shekara arba'in da suka wuce sai ya hau tebur a daren nan.

To mu zo kan na 2024, wanda a kansa ake ta wannan kururuwa. Kamfanin Wizards of the Coast da bakinsa ya ce sababbin littattafan suna tafiya da labarai da ƙarin littattafan bugu na biyar. Dayis ɗin bai canza ba, siffofi shida suna nan, makin ƙwarewa yana nan daga 2 zuwa 6, mataki 20 ne har yanzu. Abubuwan da suka motsa ana iya rubuta su a takarda ɗaya a maƙale a bangon tsohon littafi. Ƙarin makin siffofi ya tashi daga jinsin jarumi, wato irin halittarsa kamar mutum ko elf, ya koma kan tarihin tasowarsa, kuma tarihin yana zuwa da baiwa guda ta farawa. Kowace sana'ar jarumi yanzu a mataki na uku take zaɓen reshe, wato fannin da za ta ƙware a kai, alhali a 2014 mai warkarwa tun mataki na ɗaya yake zaɓa, masihirci a na biyu. Sihirin warkar da rauni ya tashi daga dayis ɗaya mai fuska 8 zuwa biyu. Wanda aka shammata a da yakan rasa zagayen farko gaba ɗaya, yanzu sau biyu yake jefa dayis na jerin shiga faɗa ya ɗauki ƙaramin. Gajiya kuma kowane hawa nata yana rage 2 daga jifan dayis mai fuska 20 da ƙafa 5 daga saurin tafiya, a hawa na shida a mutu. An kuma ƙara wa mayaƙa gwanintar makami.

Ga abin da ba ya faɗa ko da wasa: sabon littafin 'yan wasa bai ɗauko duk abin da ke cikin tsohon ba. Masihirci yana da rassa takwas a 2014, huɗu ne a na 2024. Mai warkarwa bakwai ne, ya koma huɗu, babu reshen ilimi, babu na halitta, babu na guguwa a ciki. Jinsin rabin-elf da rabin-orc su ma ba sa ciki. Yaron da aka zuga ya rabu da tsohon littafinsa ya yi asarar waɗannan, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Matsala tana zuwa ne idan an gauraya ba tsari, kuma wurare uku ta fi kamawa. Na farko cin riba biyu: ɗan wasa ya ɗauki ƙarin maki daga tsohon jinsi, ya sake ɗauka daga sabon tarihin tasowa, ya tashi da shida a inda sauran suke da uku. Sabon littafin ya riga ya yanke wannan, in ka ɗauki tsohon jinsi ka bar ƙarin makinsa. Na biyu sihiri ɗaya ya zama iri biyu a tebur guda, wannan yana warkarwa da dayis ɗaya, wancan da biyu, sai gardama ta cinye dare. Maganinsa jagora ya faɗa tun zaman farko: duk abin da yake da sabon salo, da wanne za a yi aiki, kuma kowa da shi. Na uku tsofaffin dodanni sukan yi laushi gaban sababbin jarumai, saboda waraka ta ninku kuma makamai sun samu ƙarin dabaru. Ba sai an sayi sabon littafin dodanni ba. Dodon da ake kira Ogre yana da makin rai 59 a 2014, amma a gefen lambar an rubuta dayis bakwai masu fuska 10 da ƙarin 21, wato yana iya kaiwa 91. Ka ba shi 75, ko ka ƙara masa mataimaka biyu, faɗan ya dawo daidai. Tsohon reshe kuwa, abin da yake bayarwa a mataki na ɗaya da na biyu sai a riƙe har mataki na uku.

In tilas ake nema, a na'ura take. Abin da ka biya a manhaja yana hannun mai manhajar. Kayan aikin intanet na bugu na huɗu, da mutane suka riƙa biyan kuɗin wata saboda su, daga baya rufe su aka yi. A Agustan 2024 shafin D&D Beyond, inda 'yan wasa ke ajiye takardun jarumansu a intanet, ya sanar zai maye gurbin tsofaffin sihirce-sihirce da sababbi a takardun jarumai, sai da 'yan wasa suka yi caa sannan aka janye. A Janairun 2023 ma an yi yunƙurin sauya buɗaɗɗen lasisin, aka tayar da ƙura, ƙarshe aka saki ginshiƙin ƙa'idojin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janye shi. A duk waɗannan ranaku ba mu ji muryar mutumin namu ba. Da tausayin 'yan wasa ne ke damunsa, a nan ya kamata ya yi magana.

Littattafan tushe uku ne, na 'yan wasa da na jagora da na dodanni, kowanne kusan dala 50, wato kusan dala 150 kafin dako. Tebur mai mutum biyar kwafi ɗaya na littafin 'yan wasa ya ishe shi, sauran biyun jagora ne kaɗai ke buɗe su, kuma akwai ƙa'idojin farawa na 2024 kyauta a intanet ga mai son ya ɗanɗana kafin ya saya. Wanda ya gwada ya ji sabon ya fi masa daɗi, ya saya da zuciya ɗaya, littafin ya fi tsohon tsari kuma ya fi sauƙin bincike. Amma idan wancan ya sake zuwa da waƙarsa, a tambaye shi shafin da aka rubuta cewa tsohon ya daina aiki. A kuma tambaye shi me ya sa duk yaron da ya tsorata ya saka littafinsa a kasuwa da rabin kuɗi, shi ne farkon mai tayawa.