Kafin ka nemi buɗi, koyi zama tukuna

Ranar Talata da asuba, a masallacin layinmu a Gangare, liman bai rufe baki daga sallama ta biyu ba na ga hasken waya har uku a sahun gabana. Kun dai san sanyin Jos a watan Disamba, wanda mutum ke alwala yana cije leɓe. Yaran nan sun daure sun fito, sun samu jam'i, amma zaman minti biyu bayan sallama ya gagare su. Ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne ya tare ni makon jiya, wai in faɗa masa wuridin da zai riƙe ya samu buɗi cikin kwana 40.

Ƙannena, da ku nake, kuma ban cire kaina ba. Yanzu kowa maganar farkawar ruhi yake. Wani ya kalli bidiyon mutanen Indiya sun tanƙwashe ƙafa suna ƙirga numfashi, wani ya sauke manhaja mai ƙarar ruwan sama, wani kuma ya ji labarin shehin da ya ga haske a halwa, shi ma yana so ya gani kafin Juma'a. Turawa sun ɗauko wannan zaman ƙirga numfashi ne daga koyarwar mabiya Buddha, suka cire masa addini, har a 1979 wani malami a Jami'ar Massachusetts ta Amurka ya mayar da shi horon mako 8 don marasa lafiya masu fama da ciwo da damuwa. Ban raina amfaninsa ga jiki ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mai rijiya a tsakar gida ya tafi barar ruwa a maƙwabta.

Kafin wahayi ya sauka, Annabi (SAW) yakan ɗauki guzuri ya hau Kogon Hira ya yi darare shi kaɗai. A ƙarshen Suratu Ali Imrana, aya ta 190 da 191, Allah Ya yabi masu hankali da abu biyu a haɗe: ambatonSa a tsaye da zaune da kishingiɗe, da tafakkuri cikin halittar sammai da ƙasa. A hadisin Jibrilu kuma aka fassara ihsani da cewa ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa, in ba ka ganinSa to Shi yana ganinka. Wannan shi malamai ke kira muraƙaba. Mu nan Jos mun san gardamar ɗariƙa da Izala fiye da kowa, tunda a garin nan aka kafa Izala a 1978. Ba zan shiga ba. Na dai san babu ɓangaren da ke musun ayoyin nan, kuma na ga gafalallu a kowane ɓangare: mai jan carbi yana leƙen mai wucewa, da mai haddar hujjoji da bai taɓa zama shi da zuciyarsa ba.

Imamu Gazali ya fi ƙarfin a ce ba shi da ilimi. Yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa a gabansa, sai ya binciki niyyarsa ya tarar suna da matsayi yake nema. Abin ya dame shi har harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi. A 1095 ya ajiye kujerar ya nufi Dimashƙa, ya yi wajen shekara 10 yana gyaran zuciya. Shi ke nan fa, shekara 10 ga Gazali, kai kuma kwana 40 kake nema, da waya a aljihu.

Ni ranar da na fara gwada zama bayan asuba, na sha kunya. Na ce zan yi istigfari 100 da hankalina a wurin. Ban kai 12 ba na tsinci kaina a kasuwar Farin Gada ina lissafin kuɗin buhun dankali, daga nan na koma kan wata magana da wani ya yaɓa mini tun bara, ina shirya amsar da ya kamata in ba shi. Yatsa na tafiya, zuciya na kasuwa. Da na kai ƙara wurin wani dattijo da ba ya barin masallaci sai rana ta fito, dariya ya yi, ya ce, "Ɗana, ai yau ka fara. Da ma can haka take yawo, ba ka taɓa tsayawa ka gan ta ba ne. In ta tafi ka jawo ta, kada ka yi faɗa da ita." Ya ce in dubi kududdufan da masu haƙar kuza suka bari: in yara sun dama ruwan, ba mai wanke shi, ƙyale shi ake yi laka ta kwanta.

Abin da na fi jiye muku tsoro shi ne farautar alamu. Ka yi mafarki biyu, ka ji tsigar jikinka ta tashi a wurin zikiri, shi ke nan ka fara yi wa mahaifinka kallon wanda bai waye ba. Wannan kumburi ne, ba ƙiba ba. Wani ma har ya saki sana'a da karatu, wai ya yanke da duniya, alhali mahaifiyarsa ce ke sayar da ƙosai tana ciyar da shi. In kana son sanin ko zamanka na yin aiki, kada ka tambayi mafarkinka. Tambayi matarka ko ƙanenka ko tsawar ta ragu. Duba ko ka biya mai shago bashin da kake kauce wa layinsa saboda shi. Wanda kuma ya ga barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki, ko yana jin muryoyi, ya je asibiti, kada a ce masa buɗi ne.

Yaron nan da ya tambaye ni, ban ba shi wani wuridi ba, don ni ba muƙaddami ba ne. Na ce ya bar wayar a ɗaki gobe, in an sallame ya yi tasbihi da tahmidi da takbiri 33-33 da ya riga ya sani, sannan ya ƙara minti 10 bai motsa ba, ya tuna jiyansa tun daga safe har dare: wa ya cuta, me ya kalla, wace ni'ima ya ci bai gode ba. Jiya na hango shi ya jingina da ginshiƙi, ya ja hular sanyi har kunne. Ya kai minti 4 kafin ya fara laluben aljihu, ya tuna babu komai a ciki, ya koma ya zauna.