Ranar da ƙanena ya gyara mini filashi

Kwana shida cur na kwashe a ɗakina da ke unguwar Mabera a Sakkwato ina shirya waƙoƙin bikin nan, cikin zafin Afrilu, lokacin da fanka ke hura wa mutum wuta maimakon iska. Fiyanona Yamaha ce, irin mai kiɗa da kanta: hannun hagu ya danna, ganga da jita su biyo shi, hannun dama kuma ya ja muryar waƙa. Tana da maɓallai takwas a jere na ajiye shiri, kowanne na ɗura masa nasa: sitayil (wato salon kiɗan da ke bin hannun hagu), saurin kiɗa, sautin sarewa, har da sauke sautin kiɗa da nake yi wa mawaƙinmu, wanda muryarsa ta daina hawa sama tun murar bara. Lamba 1 ta shigowar amarya, 2 ta ango, 3 ta iyaye mata, waɗanda su ne masu liƙin gaskiya. A kan lamba 3 kaɗai na yi dare biyu.

Sitayil ɗin kalangu da nake taƙama da su sayen su na yi, suna cikin filashi. Shi kuwa maɓalli ba ya haɗiye sitayil, adireshinsa kawai yake riƙewa. Ka matsar da fayil daga mazauninsa, maɓalli ya je ya yi sallama bai tarar da kowa ba.

Ana gobe biki ƙanena ya ari filashin zai kwafi karatu. Yaro ne mai son tsari, irin wanda ke jera takalman mutane a ƙofar masallaci ba a sa shi ba. Da dare ya dawo mini da shi, na jefa aljihu.

A wurin biki, can Arkilla, na soka filashi, na danna lamba 1, na kunna Sync Start, wato kiɗa ya laɓe yana jira, da an taɓa ɓangaren hagu ya tashi. Ban ko kalli allo ba. Wanda ya yi kwana shida yana shiri, me zai kalla? Ashe abin da ke kai shi ne wanda yaron mawaƙi ya yi wasa da shi da safe, wani kiɗan rawar Turawa da ake kira Polka.

Gwaggon amarya ta karɓi lasifika tana yi wa dangin ango amana, murya na rawa, mata sai share hawaye suke da bakin gyale. Ni kuma na miƙa hannu zan ɗauki zoɓo. Gwiwar hannuna ta sauka a ɓangaren hagu.

Umfa! Umfa! Umfa! Kamar an saki jakuna a kasuwar Kara.

Gwaggo ta juyo a hankali ta ce, "Kai ɗan nan, mi anka yi maka?"

A ruɗe, maimakon in danna na tsayarwa sai na danna Ending, ɗaya daga maɓallan kiɗan rufewa, kuma mafi tsawon cikinsu. Fiyano ta ɗauki lokacinta, ta yi kwana-kwana, ta hau ta sauka, sannan ta rufe da bugun farantin ƙarfe, caaas, kamar ita ma ta gama nata jawabin.

Mawaƙi ya raɗa mini, "Oga, wanga wane kiɗi na?" Na danna 2, sarewa ta canza, Polka na nan. Na danna 3, Polka na nan daram. Na buɗe filashi, sai ga folda guda mai suna KAYAN YAYA, a ciki an sake wa kowa suna: Kiɗa 1, Kiɗa 2, har Kiɗa 40. Amarya na tsaye a bakin ƙofa da ƙawayenta, ni ina gwada su ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga a kan allo. Na amarya shi ne Kiɗa 27.

Hajiya uwar biki ta zaftare mini dubu biyar, ta ce kuɗin hawayen Gwaggo ne da na katse.

Na iso gida wajen sha biyun dare, na tarar da ƙanena a zaure yana jirana, fuska sai annuri.

"Yaya, ka ga aikin da na yi maka? Gobe in ka ba ni wayarka, ita ma sai in gyara."